Kyanwar Iya da Ƙuman Ɓera

Ranar kasuwar Gidan Rumji ce, shekarar da aka sa ni lakol, wato makarantar boko, an gama ɗaure gero ke nan. Ina tsaye a ƙofar gidanmu ina sosa ƙafa, sai Baba ya fito riƙe da buhu yana motsi, ya ɗora shi a amalanke. Kyanwar kakata Iya ce a ciki, za a kai ta nesa a sake ta. Iya na zaune a kan turmi tana ta murza bakin zanenta.

Cizo ne ya jawo haka. Mu yara a ɗakin Iya muke kwana, sai muka fara tashi da ƙuraje a ƙafafu, ƙanwata Hinde ta sosa nata har suka yi ruwa. Aka ce kuɗin cizo ne. Muka shanya tabarmi a rana, muka bubbuge gadon kara, ko ɗaya ba mu gani ba. Iya ce ta shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, sai ga wasu baƙaƙen ƙwari ƙanana suna tsalle a kai. "Kuɗin cizo rarrafe shikai," in ji ta. "Wanga ƙuma ne, ƙafa shika bi." Da bakinta ta ja wa kyanwarta, don da jin ƙuma kowa ya juya ya dubi baiwar Allah tana lasar hannu. Tun rasuwar kakanmu ita ce abokiyar hirar Iya, a ƙafarta take kwana.

Kyanwa ta tafi, cizo bai tafi ba. Ɓeraye suka samu gari, da rana tsaka suke tsere a tsakar gida kamar gidan ubansu. Baba ya sayo maganin ɓera, suka mutu a ramuka, ƙuman da ke jikinsu ya rasa mai gida ya dawo kanmu gaba ɗaya. Wari ne ya kai mu ƙarƙashin gadon Iya. A nan Baba yake ɓoye buhunan irin gyaɗa, don ɗakin tsohuwa ba mai taɓa komai. Bayan buhunan ga rami, ga sheƙar tsummoki da ɓawo, ƙuma na tafasa a ciki.

Aka mai da gyaɗar rumbu, aka ƙone sheƙar, aka ɗura tafasasshen ruwa a ramukan aka toshe da laka. Matan maƙwabta suka zo aka yi sabon daɓe, mu kuma muka yini jan ruwa da wankin zannuwa. Ƙafafun Hinde suka warke. Baba ya koma inda ya saki kyanwar, kasuwa bayan kasuwa yana cigiya, bai same ta ba. Iya ba ta taɓa yi masa gori ba. Amma har ta bar duniya, in an dama fura sai ta zuba kaɗan a sakaina ta ajiye a bakin ƙofa, kaji su shanye.

Yau ɗakina na siminti ne, maganin feshi kuwa kowane shago akwai. In yarana suka yi kukan cizo, bayan buhuna nake fara dubawa, kyanwarmu na kwance abinta. Da Iya ta ga wannan, da ta ji sanyi a ranta.