Irin Hatsin Isaka Mai Turare

Duk Zongo an san Isaka mai turare, mutumin Tawa, gajere, mai gardamar tsiya. Fari ne ya koro shi Yamai, da ƴar akwatin kwalabe da tiya uku ta irin hatsin gonar ubansa. Ya rantse ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a daka irin nan ba, sai ruwa ya dawo ya koma gida ya shibka.

Da soja suka karɓi mulki aka shiga farautar masu ɓoye cimaka, sai Isaka ya ɗauki kansa babban mai laifi. Tiya uku fa! Ya cusa buhun irin ƙarƙashin gado, in ya ji ƙugin mota sai ya ruga ya rufe ƙofa. Soja dai ba su ma san da zamansa ba. Tururuwa ne suka gano shi.

Wata safiya ya tarar sun ja layi daga gado har bakin ƙofa, kowace da ƙwaya a baki. Ya zage su tas, har kakanninsu. Ya barbaɗa toka, suka taka ta suka wuce. Matarsa Zeinabu ta ce a sa kananzir, ya ce ita ba ta san darajar iri ba. Sai ya buɗe akwatin sana'arsa ya shiga gwaji. Turaren amare mai tsada, tururuwa suka bi ta kansa kamar an gayyace su biki. Man na'ana'a ya tsai da su kwana biyu. Man kanumfari, wanda yake sayar wa masu ciwon haƙori, shi ne suka shinshina suka juya da gudu.

Shi ke nan, Isaka ya zama malami. Ya ɗora buhun kan kujera, ya shafe ƙafafunta, ya shafe bakin buhun, don neman tabbas har cikin hatsin ya ɗiga. Maƙwabta suka daina leƙa ɗakin saboda yajin ido. Duk wanda ya zo sayen turare sai ya sha wa'azin tururuwa, har wasu suka sauya hanya.

Ana haka ƙanwarsa Hajara ta sauko daga kamiyo, babbar motar kaya, da ƴaƴa huɗu, garinsu ya watse. Yaran ko kuka ba su iyawa. Gidan kuwa babu ko garin kunu. Zeinabu ta dube shi. Isaka ya fita, ya kewaya unguwa, ya dawo ya jawo buhun da hannunsa, ransa yana ƙuna.

"Daka," ya ce wa Zeinabu.

Tuwon ya fito da ƙarfin kanumfari mai ƙona harshe, Isaka kansa loma ɗaya ya yi ya janye hannu. Hajara ta tambaya ko haka mutanen birni suke cin tuwo, ya ce haka ne. Yaran suka cinye, suka suɗe kwanon.