Aljanin da Na Kira Ndiyam

A cocinmu na Katolika a Dutsin-Ma ni ke karatun Littafi ranar Lahadi, saboda Allah ya ba ni murya. Hankali ne bai zo da yawa ba. Mata suka riƙa cewa addu'ata tana sa tsigar jiki ta tashi, ni kuwa kaina ya kumbura.

Fada ya lura. Wata rana ya ce mini, "Malam, yi wa marar lafiya addu'a aikin kowa ne. Amma umartar aljani ya fita aikin firist ne, shi ma sai da izinin Bishop, sai kuma likita ya duba." Na ce to. A raina na ce kishi ne.

Da bazara aka kira ni daga ƙauyenmu na wajen Kurfi, wai gwaggona, ƙanwar babana, ta kwana biyu ba ta cikin hayyacinta, tana wani yare da ba a san ta da shi ba. Ban gaya wa Fada ba. Na cika gora da ruwan albarka, na hau babur ina jin kaina kamar mai tafiya yaƙi.

Na same ta kwance a zaure, jikinta zafi rau, leɓɓanta sun tsattsage. Matar ɗanta da wasu mata biyu sun raɓe a bango. Na yayyafa mata ruwa, na daka tsawa.

"Kai ƙazamin ruhu, faɗi sunanka!"

Ta motsa baki da ƙyar. "Ndiyam."

Daɗi ya kama ni, Allah ya yafe mini. Ga aljani ya faɗi sunansa tun a tambayar farko. Na shiga ihu, "Ndiyam, fita! Ndiyam, ka bar baiwar Allah!" Duk lokacin da ta miƙo hannu wajen gorar sai in janye, in ce wa matan, "Kun gani? So yake ya zubar."

Muna cikin haka wata dattijuwar Bafulatana mai tallar nono ta yi sallama. Ta tsaya tana kallona, ta sauke ƙwaryarta a hankali.

"Malam, wa kake kora?"

"Ndiyam," na ce, da ƙarfina.

"Ruwan kake kora? Ndiyam ai ruwa ne da Fulatanci. Ruwa take roƙo, bawan Allah. Ƙishi ke kashe ta."

Ashe tana ƙarama an ba da gwaggo riƙo a rugar wata aminiyar kakarmu. Zazzaɓi ne ya mai da ta yaren da ta fara roƙon ruwa da shi. Ni da na zo ceto ban san tarihin gidanmu ba.

Dattijuwar ta karɓe gorar daga hannuna, ta tallafo kan gwaggo, ta ba ta ɗan abin da ya rage. Kunya ta sa na rasa inda zan sa idona. Muka nemo mota zuwa asibiti, aka ɗaura mata ƙarin ruwa leda bayan leda.

Fada bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Yaya jikin gwaggo?"

Ta warke. Da na je gaishe ta, ta ce, "Ɗana, ina ganin ruwan a hannunka. Ina ta roƙonka, kana zuba mini a ka."