Gafakar Kakana da Kabad ɗin Makaranta

Wata Laraba ce a daminar shekarar da na shiga aji biyar a firamaren garinmu, ta wajen Kara, gero ya fara fitar da kai. An aiko wa makarantarmu kabad da 'yan littattafai daga Gwarzo, sai malamin ajinmu, Malam Sabo, ya roƙi iyaye su kawo rubutun da ke gidajensu a haɗa ɗakin karatu. Kakana ya zo da kansa, riƙe da gafakarsa ta fatar akuya, ina biye da shi da taɓon gonar gyaɗa a ƙafafuna.

Malam Sabo ya shimfiɗa takardun ajamin da ke cikin gafakar a kan tebur cikin ladabi. Ga lissafin taurarin damina, a bayansa hukuncin alwala, sai maganin harbin kunama. Ya ce, "Baba, ai a cakuɗe suke. Bari in ware, na noma wajen noma, na addini wajen addini, kowanne da lambarsa." Kakana ya dafa takardun ya ce, "Malam, ba a cakuɗe suke ba. Na saman nan daga bakin malamina na Durun na ɗauko su, na ƙasan daga na Kabo. In ka raba, wa zai san wanda ya ba ni?" Malam Sabo ya ce, "To mai neman maganin kunama fa?" Kakana ya yi dariya, ya ce sai ya tambaye shi. "In ba ka nan fa, Baba?" Kakana ya ɗaure gafakarsa muka kamo hanyar gida. Na daɗe ina juya maganar, ko ina kiwon awaki ko muna langa, na kasa gane wanda ya fi gaskiya.

Yau gafakar tana hannuna, kuma tsara littattafai ne aikina a wani ɗakin karatu a Kano. Na'urar da nake aiki da ita tana tambayar mawallafi da fanni, ba ta da gurbin bakin da aka ɗauko ilimi. Ban raba takardun ba, amma ban san inda na Durun suka ƙare na Kabo suka fara ba. Wanda zan tambaya ba ya nan.