Duman Rafin da Aka Bari

Tsakanin ƙauyen da na yi aure da Bukkuyum akwai wani rafi. Da damina duwatsun mashigarsa kan lulluɓe da gansakuka, koriya shar, santsi kamar miyar kuɓewa. Bakin gaɓa kuma duman rafi ne ya malale da furanninsa.

A makarantarmu ta Gummi malama ta taɓa gaya mana cewa tsiro mai fure yana da saiwa da iri, gansakuka kuwa ba ta da ko ɗaya, mannewa kawai take yi inda akwai laima. Na haddace don jarrabawa, na watsar.

Wata shekara tumakin gari suka riƙa cin duman rafi suna tangaɗi, sai maza suka yi gayya don su tuge shi kaf, maigidana a kan gaba. Kiran sallar Azahar ya katse su, suka bar ɗan kaɗan a ƙasan mashiga, wai sai gobe. Goben mazanmu kuwa kun san ta.

Ana haka jikin ɗiyata ya yi zafi, na goya ta zan kai ta asibiti. An yi ruwa, mai babur ya ce ba ya tsallakawa. Na tattare zane na shiga. Ina tsakiya ƙafata ta zame, ruwa ya ɗebe mu.

Na kai hannu ga dutse, gansakuka ta biyo hannuna. Na sake, ta sake biyo ni. Majanyi ya fara sassautawa, yarinyar kuma ta yi tsit. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na wannan shirun ba. Ina salati hannuna ya faɗa cikin jijiyoyin duman rafi. Ɗaya ta tsinke. Na tattaro da yawa na naɗe a hannu, suka riƙe ni, na ja jiki zuwa gaɓa. Da na juyo da yarinyar sai ta yi tari, ta tsala kuka.

Bayan sati aka sake kiran gayya, maigida ya saɓa fartanya.

Na ce, "Ina za ka tahi?"

"Mu ƙarasa aikin ga na rahi."

"Ku ɗaure tumakinku dai."

Ya dubi sawun jijiyoyin da bai baje a hannuna ba, ya dubi yarinyar tana rarrafe, ya jingine fartanyar.