Ɓaunar da Ta Amsa Sallama

Duk yaron da ya tashi a Mansura ta ƙasar Masar cikin 'yan shekarun nan ya san Barƙuƙa. Ɓauna ce baƙa mai jan ɗankwali da gashin ido zara-zara, wadda ake nunawa a talabijin kowane azumi da an sha ruwa. Kullum sai ta faɗa gonar mutane ta cinye musu kabeji, sannan ta dawo tana ba da haƙuri da 'yar siririyar muryarta. A talabijin dai 'yar tsana ce. Amma a filin wasan yara da ke bakin Nilu, Barƙuƙa da ƙafafunta take yawo, ta fi ƙofar ɗaki tsawo, tana rawa tana rungumar yara. Wanda ke cikinta kuwa dattijo ne ɗan shekara hamsin da takwas, mai furfura da ciwon gwiwa, ana ce masa Amm Subhi, wato Kawu Subhi.

Ba da wannan ya fara ba. Shekara goma sha tara ya yi a masaƙa yana shaƙar ƙurar auduga, har muryarsa ta dushe ta koma kamar ana jan buhu a kan siminti. Da aka rage ma'aikata ya samu gadin ƙofa a filin wasan. Wata ranar Sallah saurayin da ke sa rigar ɓaunar ya yi fushi ya tafi, yara sun cika fili suna kuka, manaja ya rasa yadda zai yi, sai idonsa ya faɗa kan mai gadi. Aka ce na yini ɗaya ne. Yinin nan ɗaya shi ne bai ƙare ba har shekara goma sha huɗu.

Kuma ya iya, kar ka so ka gani. Ya san yaron da zai rugo da gudu, ya san wanda zai maƙale a bayan uwarsa, shi wannan ba a tunkararsa, sai a durƙusa daga nesa a rufe ido da kofato har ya matso da kansa. Dokar aikin biyu ce: ba a cire kan ɓaunar a gaban yara, kuma ba a magana ko da wuta ta kama rigar, don muryar Barƙuƙa ta talabijin ta mace ce. An ja masa wutsiya, an zuba masa ruwan rake a baki, wani ƙato ya taɓa hawa bayansa don a ɗauke shi hoto, bai taɓa cewa uffan ba.

A gida matarsa I'itimad ta sani, ita ke wanke rigar ciki mai tsamin zufa, ita ke ɗinke kunnen ɓaunar in ya yage. 'Yarsu tilo, Nahla, ta sani, kuma ko a jikinta. A unguwa ne kawai ake cewa Abu Nahla, wato baban Nahla, yana aiki a filin wasa, a tsaya nan. Shi yana son aikin har cikin ransa, amma kunyarsa yake ji, duka biyun a lokaci guda.

Sai ga masu neman auren Nahla. Hazim sunan yaron, malamin lissafi ne, natsattse. Ubansa fa shi ne abin ji: Ustaz Fikri, tsohon shugaban makarantar sakandare, mutumin da rabin mazan garin nan suka sha bulalarsa, wanda har yau in ya ratsa kasuwa da sandarsa sai ka ga magidanta suna ɓoye sigari. Ya zauna a falon Amm Subhi cikin kwat, ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi.

"Abu Nahla, a filin wasan wane sashe kake?"

Amm Subhi kuwa, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Sashen hulɗa da jama'a, Ustaz."

I'itimad, da ke shigowa da faranti, saura kaɗan ta kifar da shi. Aka tsayar da magana cewa ranar Alhamis ta bayan Ƙaramar Sallah maza za su taru a karanta Fatiha, wato a ɗaure alkawari. Baƙi na fita I'itimad ta rufe ƙofa ta juyo.

"Hulɗa da jama'a! Sannu, babban darakta. Wutsiyar ma a ofis kake rataye ta?"

"Ƙarya na yi? Ba da jama'a nake hulɗa ba?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Abu Nahla. Ka je ka gaya wa mutumin nan gaskiya."

"In gaya wa Ustaz Fikri cewa surukin ɗansa ɓauna ne? Mai ɗankwali?"

Nahla ta ce, "Baba, ni fa na gaya wa Hazim tun tuni, dariya kawai ya yi."

"Hazim daban, ubansa daban. Kin taɓa ganin haƙoran Ustaz Fikri?"

Ba ta taɓa gani ba. Amm Subhi ya kwana biyu yana cewa gobe zai je, goben ba ta zo ba. Tsoronsa ɗaya ne, kuma ba na kansa ba ne: kada mutumin nan ya ji, ya ɗauke ɗansa, a bar Nahla da abin faɗa a unguwa saboda uban da ke rawa da wutsiya.

Ana saura kwana uku Sallah labari ya cika gari. An liƙa takardu a jikin motocin haya, an faɗa a shirin yara: filin wasa ya kawo sabon jirgin ƙasa mai ratsa kogo, an yi wa dawakan katako fenti, kuma rana ta biyu ta Sallah Barƙuƙa za ta yi wasa tun daga hantsi har la'asar. Ranar ce kuma Hazim ya aiko cewa gidansu gaba ɗaya za su fita yawon Sallah can a rana ta biyun, har da Ustaz, don 'yar jikarsa Rudaina ta hana kowa sakat sai ta ga Barƙuƙa. Ustaz ya ce zai leƙa ofishin Abu Nahla su gaisa.

Amm Subhi ya roƙi manaja hutu. Manaja ya dube shi kamar ya nemi a ba shi kogin Nilu.

"Rana ta biyu ta Sallah? Amm Subhi, ka ji tsoron Allah. Wa zai shiga rigar, ni?"

To, abin da ya rage shi ne ya shige cikin ɓauna ya yi shiru. Ai ba a ganin fuska. I'itimad za ta ce an aike shi wani wuri. Ya lallashi kansa da cewa shekara goma sha huɗu ba wanda ya gane shi, ba a kan Ustaz za a fara ba.

Ranar ta zo da zafi. Fili ya cika maƙil, yara cikin sababbin kaya, hannuwa duk garin sukarin kahk, biskit ɗin Sallah. Masu tirmis, waken nan mai gishiri, da masu alewar auduga suna ta kira, motocin karo suna gwabzawa, iyaye mata suna ƙwala wa 'ya'yansu kira daga ƙarƙashin babban lilo. Amm Subhi yana leƙen duniya ta 'yar ragar da ke bakin ɓaunar, zufa na shiga masa ido. Wajen azahar ya hango su. Ga I'itimad da Nahla, ga Hazim, ga wata 'yar yarinya mai ribbon biyu tana jan hannun wani dogon tsoho mai sanda.

Rudaina ta saki hannun kakanta ta rugo. Da ta iso kusa ta ga girman abin sai ta ja birki, leɓe ya fara rawa. Jikinsa ya yi abin da ya saba ba tare da ya sa shi ba: ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ya rufe ido da kofato. Ta matso kaɗan-kaɗan, ta taɓa ɗankwalin, sannan ta rungume wuyan ɓaunar ta ƙanƙame.

Sai sandar ta tsaya a gabansa. Ustaz Fikri ya sunkuyo daidai ragar, ya ce a natse, kamar mai shiga masallaci:

"Assalamu alaikum."

A shekara goma sha huɗu ba wanda ya taɓa yi wa Barƙuƙa sallama. Yara sunanta suke ƙwalawa, manya kuma cewa suke, "Kai, matso nan a ɗauki hoto." Wa zai yi wa ɓauna sallama? Amm Subhi kuwa, ubansa ya taɓa tsinka masa mari yana ɗan shekara bakwai saboda ya amsa sallamar mai sayar da gawayi da ka. Tun daga ranar bai taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba, ko ta wanda suke gaba ce, kuma cikakkiya yake mayarwa. Yanzu ga dokar aiki, ga auren Nahla, ga muryar da duk wanda ya ji ta sau ɗaya ba ya mantawa. Ya ce a ransa zai ɗaga kofato kawai. Ya ɗaga ɗin. Tsohon bai motsa ba, yana jira.

Daga cikin ɓauna mai jan ɗankwali, ƙasa-ƙasa, muryar buhu ta fito:

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuh."

Rudaina ta ɗago kai da sauri. "Kaka, Barƙuƙa mura take yi!"

"Ƙanƙara ta sha," in ji Ustaz. Ya kama hannunta suka wuce wajen jirgin ƙasa, bai waiwayo ba.

Shi ke nan, ta faru ta ƙare. Amm Subhi ya ƙarasa rawar, da lokacin hutu ya yi ya shige ɗan ɗakin da ke bayan dawakan katako, ya cire kan ɓaunar ya ɗora a cinya. Ya zauna yana tunanin yadda zai kalli Nahla. Wallahi da kuka zai zo masa da ya ji sauƙi.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa da sanda. Ustaz Fikri ya shigo riƙe da kofi biyu na ruwan rake, ya dubi ɗakin, guga da tsintsiya da tsohuwar fanka.

"Nan ne sashen hulɗa da jama'a?"

"Ustaz, ni dai..."

"Sha tukuna, kana ɗigar ruwa." Ya zauna a kan wani akwati, ya jingine sandar. "Abu Nahla, kana zaton akwai wanda zai nema wa ɗansa aure a garin nan bai yi tambaya ba? Kwana biyu da zuwanmu gidanka na zo nan. Mai gadi ɗalibina ne, ya nuna mini kai da yatsa. Na zauna a bencin can sa'a guda ina kallonka."

Amm Subhi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Rigar ba ta dame ni ba. Abin da ka faɗa mini a falonka, ina shan shayinka, shi ya dame ni. Na jira ka zo har azumi ya ƙare, ba ka zo ba. Na ce to, zan yi masa sallama. In ya yi shiru, tsorona ya fi masa komai, kuma ba na son haɗa zuri'a da mai tsorona, ina da su da yawa. In ya amsa, na san wanda nake magana da shi."

"Kunya ce, Ustaz. Don yarinyar nan na yi."

"Kunyar me? Shekara talatin da biyar ina makaranta, yara in sun hango ni gudu suke su ɓuya. Kai in sun hango ka, gudu suke su zo. Rudainar nan, jikata ce fa, ba ta taɓa rungumata yadda ta rungume ka ɗazu ba." Ya juya kofin a hannunsa. "Alhamis bayan la'asar, kamar yadda aka yi. Kuma ka nemi maganin gwiwar nan, na ga yadda kake tashi."

Amm Subhi ya saki wata ajiyar zuciya da ya yi wata guda yana riƙe da ita. Ya ce alhamdu lillahi ya fi sau goma, ya shanye ruwan raken a tashi ɗaya, bai taɓa jin mai daɗinsa ba. Da zai mayar da kan ɓaunar, Ustaz Fikri da kansa ya miƙe ya gyara masa ɗankwalin da ya karkace. A nan ne Amm Subhi ya ga haƙoran Ustaz, yana murmushi, kuma ya ƙudura sai ya ba Nahla labari.

Da yamma I'itimad ta ji yadda aka yi, ta tafa hannu. "Wata guda kana hana mu barci, ashe mutumin ya san har lambar kofatonka!"

Ranar Alhamis falo ya cika da maza, aka ɗaga hannu aka karanta Fatiha, mata suka rangaɗa guɗa daga ciki. Ana raba lemo sai wani ƙanen Ustaz, wanda ya zo daga garin Tanta, ya juyo ya ce, "Abu Nahla, an ce a filin wasa kake. Me kake yi a can?"

Amm Subhi ya buɗe baki, sai ya tsaya. I'itimad, daga bakin labule, ta zaro ido. Shi kuwa waige-waige yake yi, ya leƙa bayan kujera, ya leƙa ƙofa, sai da ya tabbatar Rudaina na can tsakar gida tana wasa, ba za ta ji ba. Sannan ya matso, ya rage murya, ya dafa ƙirjinsa.

"Ni ne Barƙuƙa," ya ce. "Amma kada ka gaya wa yara."