Wata Uku Hajo Tana Kwance

Har gobe ban daina tuna ranar da na shiga ɗakin Hajo a Amarawa ba. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina malamin asibiti a ɗakin shan magani na Illela. Ni kaɗai ne, sai wani keke da faci ya gama cinyewa.

Hajo 'yar shekara takwas ce, ɗiyar wani malamin makarantar allo. Ciwon fuka ya sa ta gaba, har na rubuta takarda aka kai ta babban asibiti a birni, ta daɗe tana jinya. Ƙa'idar aikin ita ce, in an sallamo yaro, duk wata in bi shi gida in saurari ƙirjinsa, in rubuta wa likita rahoto. Zuwa biyu ana kawo mini ita zaure a goye. In saurara, in ji ƙirji garau, in rubuta ta samu sauƙi, in hau kekena. Ban taɓa tambayar dalilin goyon ba. Gajiya ce kawai, ƙauyuka sun yi mini yawa.

A zuwa na uku mahaifinta ba ya nan, sai kakarta ta ce in shigo ciki. Na tarar an toshe taga da tsumma, Hajo na kwance a lulluɓe, ƙafafunta sun zama kamar sillen kara. Ƙannenta kuwa suna ta tsalle-tsalle a tsakar gida.

Na ce, "Inna, mi ya kwantar da ita da rana tsaka?"

Ta ce, "Haba Malam! Ba hakanga munka ishe ta asibiti ba? Kwance, an lulluɓe ta, kuma nan ta samu lahiya. Tun da ta dawo ba mu bari ta taka ƙasa ba."

Na durƙusa na ce, "Hajo, ina ke miki ciwo?"

Ta ce, "Ba ko'ina. Malam, yaushe za ka ce in hita?"

Na sa aka fito da ita. Taku huɗu ta yi ta zube. Sai da damina ta wuce kafin ta iya zuwa rijiya da ƙafarta.

Ku masu aikin yanzu, in kun sallami yaro, ku buɗe baki ku gaya wa iyayensa ya tashi ya yi wasa. Mutanenmu abin da suka gani da ido suke bi, kuma don ƙauna suke yi. Ni ban faɗa ba, yarinya ta yi wata uku a duhu tana jiran izinina.