Maxine da Ashanar Damtse

Shekara goma sha ɗaya ina tsaye kusa da Maxine a layin gyaran kifi na wani kamfani a Grimsby, can ƙasar Turawa, ban taɓa ganin bakinta a rufe ba sai in tana kurɓar shayi. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, 'ya'yanta huɗu. Mijinta Gordon direban motar shara ne, mutumin kirki, sai dai ta ce ko wandonsa aka shanya kusa da zanenta, ciki ya shiga ke nan.

Bayan na huɗun ta je aka sa mata ashanar tsarin iyali a damtse. Shekara uku, inji malamar asibiti, ba ruwanki da tuna ƙwaya. Ta dawo tana naɗe hannun riga, tana cewa kowa ya zo ya taɓa ya sa albarka.

Ba a yi sati biyu ba jini ya ɓalle. Yau ya ɗauke, jibi ya dawo, ba sallama ba sanarwa. Mu kuwa farare muke sawa daga wuya har ƙafa. In za ki bayi sai kin ɗaga hannu kamar 'yar firamare, Kelvin mai kula da layi ya duba agogo ya ba ki minti goma. Cire safar hannu, wanke takalmi da sake shiri kaɗai sun cinye bakwai. Gargaɗi uku, sai kora. Kafin wata biyar Maxine ta tara biyu.

"Me kike yi ne a bayin nan?" inji Kelvin rannan.

"Ƙwai nake sakawa, ranka ya daɗe. A soya maka?"

Layi ya kwashe da dariya, amma ni na san tsoro ne fal cikinta. Aikin nan shi ke riƙe da gidan.

To a je a cire mana, ko? Hm! Asibitin unguwarmu sai an buga waya ƙarfe takwas daidai, takwas da biyar gurbin ganin likita ya ƙare. Mu kuma tun shida wayoyinmu na kulle a loka, akwatin ajiyar kayanmu a wurin aiki. Ranakun hutunta ta ƙona a kan layin waya, tana sauraron kiɗan jira. Sau biyu ta samu shiga. Na farko aka ce ta ƙara haƙuri, jiki ne bai saba ba. Na biyu aka ba ta ƙwayar tsayar da jini.

"Kin ji fa, 'yar uwa," ta ce min. "An sa min ashana don kada in sha ƙwaya, yanzu ina shan ƙwaya saboda ashana. Tsarin iyali kam ya yi. Wata bakwai ni da Gordon sai 'ina kwana'."

Beryl ce ta warware mana. Tsohuwa ce mai sayar da shayi a kantin kamfani, ba abin da bai wuce ta kunnenta ba.

"Ke sakara ce, 'yar nan. Wa ya ce ki yi ta kuka da jini? Ce musu haihuwa kike so."

"Ni? Na biyar? Allah ya kiyaye!"

"Na ce ki haifa? Cewa na yi ki faɗa."

Ranar da ta sake samun shiga, ni na raka ta. Ta sa rigar zuwa coci, ta zauna ta lanƙwashe wuya, ta ce ita da maigidan suna sha'awar ƙarin ɗaya. Na dinga kallon silin don kada dariya ta tona mu. Fuskar malamar ta washe. Ba zancen haƙuri, ba zancen jiki bai saba ba. Allurar kashe zafi, ɗan tsagi, sai ga abar a faranti, 'yar ficiciya, ba kunya ba tsoron Allah. Har maganin ƙarin lafiyar ciki aka rubuta mata, aka ce a gaida Gordon.

A tashar bas muka yi dariya har na riƙe ƙarfe. Can sai na ga tana shafa filastar da aka manna mata a damtse. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi, don ita ba ta ƙi ashanar ba. Da ta zauna lafiya, da har shekara ukun za ta kai.

"To aiki ya tsira," na ce. "Yanzu da me za ki kare kanki?"

"Oho. Sai na sake samun layin asibiti."

Ta share hanci da bayan hannu.

"Ba shi ne ya dame ni ba. Wata bakwai ni da kaina ina gabansu ina cewa ba ni da lafiya, ba wanda ya tashi daga kujera. Yaron da babu shi kuwa, dubi yadda suka yi masa rawar jiki."